Nico ko Nolan: Zaɓen 2017 da yaron da aka ajiye na tara

Daren Juma'a, 23 ga Yuni, 2017, shugabannin ƙungiyoyi 31 na gasar NHL suka hallara a zauren United Center na birnin Shikago domin rabon matasan 'yan wasa. NHL ita ce babbar gasar hokin ƙanƙara ta duniya, ƙungiyoyinta kuma na biranen Amurka da Kanada ne. Watanni kafin wannan dare, 'yan jarida da masu sharhi sun maƙale a kan tambaya ɗaya: wa za a fara kira, Nolan Patrick ɗan Kanada ko Nico Hischier ɗan Suwizalan? Aka kira Hischier, aka kira Patrick. Miro Heiskanen ya zo na uku, Cale Makar na huɗu, Elias Pettersson na biyar. Yau duk mai bin wasan ya san gwanin wannan aji shi ne na huɗun, yaron da hukumar tantancewa ta NHL ta ajiye na tara a jerinta. Waɗanda suka yi jerin ƙwararru ne, sun kuma yi aiki da hujjar da ke gabansu. Matsalar ita ce hujjar ta yi yawa a kan wasu yaran, ta yi ƙaranci a kan wasu.

Mai bin ƙwallon ƙafa ya saba da ƙungiya mai kuɗi ta sayi yaro daga inda ta ga dama. A NHL ba haka ake yi ba. Duk yaron da zai cika shekara 18 kafin 15 ga Satumba yana shiga zaɓen shekarar, ƙungiyoyi kuma suna ɗauka bi da bi, zagaye bakwai. A 2017 yara 217 aka ɗauka. Ƙungiyar da ta ɗauki yaro ita kaɗai ke da ikon sa hannu da shi. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta ƙare su ke fara zaɓa, amma don kada wata ta riƙa faɗuwa da gangan, ana jefa ƙuri'a a kan gurabun farko, a 2017 guda uku. Ƙuri'ar 29 ga Afrilu, 2017 ta birkita komai. Colorado Avalanche, wadda ta ƙare da maki 48 kacal a wasa 82, mafi muni a gasar, ta sulluɓo zuwa ta huɗu. New Jersey Devils ta haura daga ta biyar zuwa ta ɗaya, Philadelphia Flyers daga ta 13 zuwa ta biyu, Dallas Stars daga ta takwas zuwa ta uku. Magoya bayan Colorado sun ɗauki ranar a matsayin ranar baƙin ciki.

Tun 1975 NHL ke da hukumar tantancewa ta tsakiya, wadda ke fitar da jerin sunaye a tsakiyar kaka da ƙarshenta. Jerin 'yan Amurka ta Arewa daban, na 'yan Turai daban, masu tsaron raga ma nasu daban. Bayan wannan kowace ƙungiya tana da nata masu farautar 'yan wasa, waɗanda ke kwashe hunturu suna tuƙi daga ƙaramin gari zuwa ƙaramin gari, suna zama a saman zaure da littafin rubutu. Abin da suke dubawa sananne ne: yadda yaro ke zamiya a kan ƙanƙara da yadda yake juyawa, hannunsa a kan sanda, ƙarfin bugunsa, girman jikinsa, zafin zuciyarsa wajen ƙwato faifan robar da ake wasan da shi, sai kuma abin da suka fi daraja, wato kai, sanin inda wasa zai nufa kafin ya nufa. A ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni ana tara kusan yara ɗari a birnin Buffalo, likitoci su duba su, a ɗora su kan keken gwaji har numfashi ya ƙare, ƙungiyoyi su yi ta yi masu tambayoyi a ɗakunan otal. Gwajin ƙarfin nan ba ya yanke hukunci shi kaɗai. A wannan shekarar Casey Mittelstadt ya kasa ɗaga jikinsa a ƙarfe ko sau ɗaya, duk da haka Buffalo Sabres ta ɗauke shi na takwas.

Nolan Patrick shi ne wanda kowa ya sani. An haife shi a Winnipeg ranar 19 ga Satumba, 1998, kwana huɗu kacal ya hana shi shiga zaɓen 2016. Wannan ƙaramin abu ya ƙara wa masu farauta shekara guda ta kallonsa. Gidansu gidan hoki ne: mahaifinsa Steve Patrick an ɗauke shi na 20 a 1980, baffansa James Patrick na tara a 1981, ya kuma buga wasa 1,280 a NHL. Nolan ɗan wasan tsakiya ne, tsawonsa kusan santimita 188, mai bugu da dama, irin jikin da kowace ƙungiya ke nema. A kakar 2015-16 ya tara maki 102 a wasa 72 tare da Brandon Wheat Kings a gasar WHL, ɗaya daga manyan gasannin matasa uku na Kanada. Maki a hoki shi ne ci ko bayar da bugun da aka ci da shi. A zagayen fidda gwani ya ƙara maki 30 a wasa 21, Brandon ta ɗauki kofi, aka ba shi gwarzon zagayen. Yana ɗan shekara 17 ya yi wannan, a tsakanin waɗanda suka girme shi da shekara biyu zuwa uku.

Daga nan jikinsa ya fara ba shi wahala. An yi masa tiyata a Yulin 2016 saboda yagewar tsoka a mara, ciwon da ke yawan kama masu zamiya. Ya dawo, ciwon ya sake kwantar da shi, ya rasa gasar matasa ta duniya, ya ƙare kakar da wasa 33 da maki 46, bai kuma buga zagayen fidda gwani ba saboda wani rauni a ƙafa. Kwana goma kafin zaɓen aka sake yi masa tiyata a mara. Duk da haka hukumar tantancewa ta bar shi na ɗaya a jerinta na ƙarshe. Ina ganin hikimarsu a fili take: sun riga sun ga abin da yake iyawa idan yana da lafiya, a gasa mai ƙarfi, a gaban idon kowa, tsawon kaka uku. Babu yaron da aka tara bayanai a kansa kamarsa.

Hischier ya biyo ta wata hanyar. Ɗan garin Naters ne a yankin Valais mai duwatsu, an haife shi a Janairun 1999. Da ya zauna a ƙungiyar Bern ta ƙasarsu, da masu farautar Amurka ta Arewa sun gan shi sau kaɗan. Sai ya tsallaka zuwa Halifax Mooseheads ta gasar QMJHL, wata daga cikin manyan gasannin matasa uku na Kanada, a 2016, ya kawo kansa inda ake kallo. Filin Turai ya fi faɗi, kusan mita 30, na NHL kuwa mita 26 ne, saboda haka kullum ana tambayar ko ɗan Turai zai iya wasa a matse, inda abokin hamayya ke kansa cikin ƙiftawar ido. Hischier ya amsa da ci 38 da maki 86 a wasa 57. A gasar matasa ta duniya da aka yi a Toronto da Montreal, ƙasarsa ta haɗu da Amurka a wasan kusa da na kusa da ƙarshe. Amurka ta yi nasara da 3 da 2, amma cin Suwizalan guda biyun duk nasa ne, Amurkan nan kuma ita ta ɗauki kofin. Yayin da Patrick ke jinya, Hischier na wasa a gaban kowane mai farauta na duniya. Ray Shero, babban manajan New Jersey, ya ɗauke shi, ya zama ɗan Suwizalan na farko da aka kira na ɗaya.

Har nan lissafin mai sauƙi ne, domin yaran biyu suna wasa a gasanni masu ƙarfi ɗaya, matsayinsu a fili ɗaya, ana iya jera alƙalumansu gefe da gefe. Inda aikin ya yi tsauri shi ne kan Cale Makar.

Makar ɗan Calgary ne, mai tsaron baya, an haife shi a Oktoban 1998. Yana ɗan shekara 14 ƙanƙanen yaro ne, shi ya sa a zaɓen yara na WHL a 2013 sai a zagaye na takwas Medicine Hat Tigers ta ɗauke shi, na 164. Bai je ba. Ya zaɓi karatu a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, dokar wasannin jami'o'in Amurka ta lokacin kuwa ta haramta wa duk wanda ya buga manyan gasannin matasa na Kanada shiga gasar jami'a, domin tana ɗaukar su ƙwararru masu karɓar kuɗi. Don ya tsare damarsa, sai ya tafi Brooks Bandits ta gasar AJHL, matakin da ke ƙasa da WHL, a wani ƙaramin gari na kudancin Alberta. A can ya tara ci 24 da maki 75 a wasa 54, abin mamaki ga mai tsaron baya, ya kwashe kyautar gwarzon gasar.

To, me wannan maki 75 ke nufi? Yawancin waɗanda yake karawa da su ba za su taɓa cin abinci da hoki ba. Mai tsaron baya da ke riƙe da faifai kusan duk lokacin da yake fili ba a ganin yadda yake karewa idan an matsa masa, domin ba a matsa masa. Masu lissafi suna da ma'auni da suke rage darajar maki gwargwadon ƙarfin gasa, a ma'aunin nan kuma makin AJHL yana raguwa ƙwarai idan an kwatanta da na WHL. Ga shi tsawonsa santimita 180 ne, a lokacin da ƙungiyoyi da yawa ke son mai tsaron baya dogo mai faɗin kafaɗa. Dama ɗaya babba da aka samu ta ganinsa da waɗanda suka fi ƙarfin gasarsa ita ce gasar ƙasa da ƙasa ta matakinsu da aka yi a Bonnyville a Disambar 2016, inda ya jagoranci tawagar yammacin Kanada ya tara maki biyar a wasa ɗaya. Daga nan zauren Brooks ya fara cika da masu littafin rubutu.

A nan ne, a ganina, ake gane mai farauta na gaske. Akwai abin da gasa ke ba yaro, akwai abin da yake nasa. Maki na gasa ne: raunin mai tsaron raga da jinkirin abokin hamayya duk suna ciki. Amma yadda ƙafa ke cizon ƙanƙara, yadda yaro ke juya ƙugu ya sauya alƙibla ba tare da ya rage gudu ba, yadda yake ɗaga kai yana kallon fili alhali faifan na kan sandarsa, waɗannan ba su san sunan gasa ba. Ƙanƙarar Brooks da ta Denver, gidan Colorado Avalanche, sulɓinsu ɗaya. Wanda ya zauna ya ƙura wa ƙafafun Makar ido ya ga abin da babu irinsa a ajin, ko a WHL ko a Turai. Wanda ya tsaya ga takarda ya ga yaro yana wasa da ƙannensa. Jerin hukumar tantancewa tamkar matsaya ce tsakanin waɗannan biyun, shi ya sa ya faɗa na tara, ba sama ba, ba ƙasa ba. Joe Sakic, babban manajan Colorado na lokacin, da mutanensa suka bi ƙafafun.

Kada a manta da nauyin da ke kan mai yanke hukuncin. Manajan da ya ɗauki na ɗaya a jerin kowa, idan abin bai yi kyau ba, zai ce kowa ma haka zai yi. Wanda ya tsallake shi ya ɗauko yaro daga ƙaramar gasa, idan abin ya lalace, kansa kaɗai za a nuna. Wannan tsoro yana cikin kowane ɗakin zaɓe ko da ba a faɗe shi ba.

'Yan Turan biyu su ma kowanne da irin duhun da ya rufe shi. Pettersson yana Timrå a gasa ta biyu ta Suwidin, inda ya tara maki 41 a wasa 43 a tsakanin manya, amma tsawonsa santimita 188, nauyinsa bai wuce kilo 75 ba. Siriri ne kamar karan dawa, ana ta tambayar ko zai jure karo a NHL. A gasar matasa ta duniya kuma bai ci ko ɗaya ba. Vancouver Canucks tana da dalilin sa ido kan Timrå, domin a Fabrairun 2017 ta karɓo haƙƙin abokin wasansa Jonathan Dahlén daga Ottawa ta hanyar musaya. Heiskanen kuwa matsalarsa akasin ta Makar ce. Yana ɗan shekara 17 yana tsaron baya a HIFK ta Helsinki, a babbar gasar Finlan, makinsa 10 kacal a wasa 37. Takarda ba ta nuna komai, amma koci a gasar manya ba ya ba yaro mintuna masu yawa sai ya yarda da shi, wannan yardar ita ce hujjar. Yana cikin tawagar Finlan da ta kunyata a gasar matasa ta duniya, har aka kori kocinta ana tsakiyar gasa. Sai a Afrilu, a gasar 'yan ƙasa da shekara 18 a Sulobakiya, ya hau kan sa'o'insa, aka ba shi gwarzon mai tsaron baya. A jerin Turai na hukumar, Pettersson na biyu ne, Heiskanen na huɗu. Wanda ke na ɗaya, Klim Kostin ɗan Rasha, sai na 31 aka kira shi.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Hischier ya shiga NHL a shekarar nan, ya buga wasa 82 cif, ya tara maki 52 kusa da Taylor Hall wanda ya zama gwarzon gasar a kakar. A 2021 aka ba shi kyaftin, a 2023 ya zo na biyu a kyautar ɗan gaba mafi iya karewa. New Jersey ba ta yi asara ba ko kaɗan. Pettersson ya koma Växjö, ya tara maki 56 a wasa 44 a babbar gasar Suwidin, ya karya tarihin matasa da Kent Nilsson ya kafa tun shekarun 1970, sannan ya zama gwarzon sababbin 'yan wasan NHL a 2019, ya kai maki 102 a kakar 2022-23. Heiskanen ya kai Dallas wasan ƙarshe na kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 2020 da maki 26 a zagayen fidda gwani.

Makar ya yi shekara biyu a jami'a, ya karɓi kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2019, ya buga wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar ranar 13 ga Afrilu, ranar 15 kuma yana sanye da rigar Colorado a zagayen fidda gwani, ya ci Calgary Flames, ƙungiyar garinsu, a wasansa na farko. Ya zama gwarzon sababbi a 2020. A 2022 ya haɗa kofin Stanley da kyautar Norris ta gwarzon mai tsaron baya da ta Conn Smythe ta gwarzon zagayen fidda gwani. Ya sake ɗaukar Norris a 2025 da ci 30 da maki 92.

Patrick ya buga kaka biyu a Philadelphia, maki 30 da 31, fara mai kyau ga matashi ko da ba ta kai abin da aka sa rai ba. Sai ciwon ɓarin kai mai tsanani ya kwantar da shi, ya rasa kakar 2019-20 gaba ɗaya. Ya dawo ya tara maki 9 a wasa 52, aka musanya shi zuwa Vegas a 2021, ya buga wasa 25. Jimillarsa a NHL wasa 222, ci 32, maki 77. A Janairun 2022 Bobby Clarke, tsohon gwarzon Philadelphia kuma mai ba ta shawara, ya fito fili ya ce masu farautarsu Makar suka so, babban manaja Ron Hextall ne ya zaɓi Patrick. Hextall ɗan garin Brandon ne, ya kuma buga wa Wheat Kings a ƙuruciyarsa.

Ba na tare da masu kiran Patrick zaɓen banza, maganar tana ba ni takaici. Yaron da ya tara maki 102 yana ɗan shekara 17 gwani ne, abin da ya tsayar da shi kuma ba ciwon marar da kowa ke tsoro ba ne, ciwon kai ne. Babu mai farautar da ke ganin wannan daga saman zaure. Abin da za a iya tuhuma shi ne yadda aka auna haɗari. An lasafta Patrick a matsayin zaɓin da babu fargaba a cikinsa saboda an san shi, alhali ya yi tiyata biyu cikin shekara guda, ya buga ƙasa da rabin kaka. An lasafta Makar a matsayin caca saboda ba a san gasarsa ba, alhali lafiyarsa ƙalau, abin da ya fi iyawa kuma yana tafiya da shi duk inda ya je. Yawan ganin yaro da ƙarancin haɗarinsa abu biyu ne daban, a 2017 an gwama su.

Dallas ta nuna cewa wannan karatun bai tsaya kan manyan zaɓuka ba. Bayan Heiskanen ta ɗauki mai tsaron raga Jake Oettinger na 26, sannan Jason Robertson na 39. Robertson ya ci 42 a Kingston ta gasar OHL, ta ukun manyan gasannin matasa na Kanada, amma an yi ta sukar zamiyarsa, ana cewa yana da nauyin ƙafa, shi ya sa ƙungiyoyi suka bar shi har zagaye na biyu. A kakar 2022-23 ya ci 46 ya tara maki 109. Shi kansa da hannunsa ne suka tafi da shi, ƙafar kuma aka gyara gwargwadon buƙata. Saboda haka ba a ce zamiya ce komai ba. Kowane yaro sai an gano wane abu guda ne nasa na kansa, sannan a tambaya ko girman abin ya isa ya rufe sauran.

Dokar da ta tura Makar zuwa Brooks yanzu babu ita. A Nuwamban 2024 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta yarda 'yan manyan gasannin matasa na Kanada su shiga gasar jami'a daga kakar 2025-26. Nan da nan Gavin McKenna, matashin da aka fi sa wa ido a shekarun nan, ya bar Medicine Hat ya koma Jami'ar Penn State. Yaro mai burin karatu zai iya buga WHL yana ɗan shekara 16 da 17, sannan ya wuce jami'a, masu farauta su gan shi a gasa mai ƙarfi tun da wuri. Ƙananan gasanni irin AJHL za su rasa irin waɗannan yaran, ita kanta Brooks ta bar AJHL ta koma gasar BCHL ta lardin British Columbia a 2024. Sauran duhun yana nan a gasa ta biyu ta Suwidin, da makarantun sakandare na Minnesota, da Rasha, inda tun 2022 tawagoginta ba sa shiga gasannin duniya, masu farauta da yawa kuma sai ta bidiyo suke ganin yaranta.